Yadda Ƙungiyar Masu Kamfanoni Za Ta Shirya Matsayarta Kan Albashi, Fansho Da Tsaron Ma'aikata

Duk lokacin da gwamnati ta ɗauko maganar ƙarin albashi ko gyaran dokar fansho, abin da aka fi ji daga bakin masu kamfanoni shi ne ba za su iya ba, kuma wannan magana, ko da gaskiya ce, ba ta da nauyi a teburin tattaunawa muddin ba a haɗa ta da lissafi ba. Masu ɗaukar ma'aikata suna da kujerarsu a wannan teburi tun lokacin da aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, a 1919, inda kowace ƙasa take tura wakilai huɗu zuwa babban taron Geneva: biyu na gwamnati, ɗaya na ma'aikata, ɗaya na masu kamfanoni, kowannensu da ƙuri'arsa.

Aikin farko shi ne ƙungiya ta tattara alƙaluma daga littattafan mambobinta tun kafin a kira zama. A tambayi kowane kamfani ma'aikata nawa ne ke matakin albashi mafi ƙasa, nawa ne na dindindin, nawa ne na wucin gadi, kuma kashi nawa na kuɗin gudanarwa albashi yake cinyewa. Wajibi ne a raba amsoshin manyan kamfanoni da na ƙanana, domin galibi manyan ne ke riƙe da shugabancin ƙungiya, alhali su sun riga sun wuce mafi ƙarancin albashi, ƙananan da abin zai fi taɓawa kuwa ba su cika halartar taro ba. Akwai kuma lissafin da aka fi mantawa da shi. Idan aka ɗaga albashin mai shara har ya kamo na mai kula da injin da ya shekara goma yana aiki, mai injin ba zai yi shiru ba, shi ma shugaban sashensa haka, saboda haka kuɗin da ƙarin zai ci ya zarce adadin waɗanda doka ta ambata. Ƙungiyar da ta shigo da wannan lissafi a rubuce, mataki bayan mataki, ta fi wadda ta shigo da koke samun kunnen sauraro.

A kan mafi ƙarancin albashi, ya kamata a gina hujja a kan Yarjejeniyar ILO ta 131 ta shekarar 1970, wadda ta ce a duba abu biyu: bukatun ma'aikaci da iyalinsa tare da tsadar rayuwa, sannan yanayin tattalin arziki, wato yawan abin da ake samarwa da kuma bukatar kada ayyuka su ragu. Ɓangare na biyu shi ne filin masu kamfanoni, amma kuskure ne a yi kamar na farkon bai wanzu ba. Haka nan a guji cewa kowane ƙari dole ya jawo korar ma'aikata, domin wakilan ƙwadago za su kawo binciken masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger na 1994, wanda ya kwatanta gidajen abinci a jihohin New Jersey da Pennsylvania a Amurka, bai kuma ga raguwar ayyuka ba bayan New Jersey ta ɗaga albashi. Abin da ya fi amfani shi ne a yi jayayya kan girman ƙarin, da lokacin fara aiki da shi, da kuma neman a riƙa bita a kai a kai maimakon a bar albashi ya daskare shekaru sannan a yi tsalle ɗaya mai karya ƙashi. Birtaniya ta kafa hukumar ba da shawara kan ƙaramin albashi a 1997, mai ɗauke da wakilan kamfanoni da na ƙwadago da masana, wadda ke ba gwamnati shawara duk shekara, kuma irin wannan tsari yana ba ɗan kasuwa damar hango kuɗin da zai kashe a baɗi.

Batun fansho yana bukatar a fara tantance irin tsarin da ake magana a kai, ko wanda aka yi wa ma'aikaci alkawarin adadin da zai karɓa bayan ritaya, inda nauyin giɓi ke kan mai aiki ko gwamnati, ko kuma wanda ake tara gudummawa a asusun kowane mutum. Idan ana son tilasta gudummawa ko ƙara ta, a nemi a shigo da ita sannu a hankali. A Birtaniya an fara shigar da ma'aikata tsarin fansho kai tsaye a 2012 da manyan kamfanoni, ƙanana suka biyo baya, jimillar gudummawa kuma ba ta kai kashi 8 cikin ɗari ba sai a 2019, wanda aƙalla kashi 3 daga mai aiki yake fitowa. Sai dai kafin ƙungiya ta buɗe baki kan wannan, ta binciki mambobinta, domin kamfani guda da ke cire kuɗin fansho daga albashi ba ya turawa ya isa ya zubar da ƙimar duk abin da wakilinta zai faɗa.

Tsaron lafiyar ma'aikata a wurin aiki daban yake, kuma a ganina ba a haɗa shi da sauran a ciniki. A ranar 24 ga Afrilu, 2013, ginin Rana Plaza mai ɗauke da masana'antun ɗinka tufafi ya rufta a Bangladesh, mutane fiye da 1,100 suka mutu, bayan an ga tsagewa a bango kwana ɗaya kafin nan, aka rufe shaguna da bankin da ke ƙasa, aka kuma umarci masu ɗinki su koma bakin aiki. A 2022 ILO ta sanya wurin aiki mai aminci cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci, Yarjejeniyarta ta 155 kuma tun 1981 ta ce matakan kariya ba za su ci kuɗin ma'aikaci ba, ta kuma ce a kare wanda ya janye daga aiki saboda haɗarin da ke gab da aukuwa. Abin da masu kamfanoni za su iya nema da hujja shi ne dokoki su fito a sarari, a rage yawan hukumomin da ke zuwa duba abu ɗaya, a kuma ba da wa'adi mai ma'ana don sauya injina. Zai ƙarfafa musu gwiwa idan suka nuna rajistar haɗurra, har da waɗanda aka tsallake rijiya da baya, da shaidar cewa suna fara kawar da haɗarin ko killace shi kafin su dogara da hular kwano da safar hannu.

Takardar matsayar kanta ta zama gajera, shafi biyu ko uku, alƙaluman kuma a maƙala su a baya. Kowace ƙin amincewa ta zo da madadinta, da adadi da rana. A zaɓi mai magana da yawu ɗaya, a kuma amince tun a gida kan iyakar da za a iya sassautawa, don kada wakilai su saɓa wa juna a gaban minista. Yana da kyau a aika wa shugabannin ƙwadago kwafin takardar kwanaki kafin zama, domin su samu lokacin duba lissafin, su kuma nuna inda ba su yarda ba tun kafin a shiga ɗakin taro.