Yadda na shawo kan zufar dare da al'ada ta fara ɗaukewa

Ina da shekara 49 al'ada ta fara yi mini tsalle, zafi na taso mini daga ƙirji zuwa fuska. Cikin dare in farka sharkaf da gumi, ko da hunturu. Sau biyu ina shan maganin maleriya a banza.

Likitar mata ce ta gano sinadarin istirojin, mai daidaita al'adar mata, ke raguwa a jikina. Na rage yaji da shayin dare, na koma kayan barci na auduga. Ya ɗan lafa, barci dai bai dawo ba. Da na koma, ta auna jinina, ta tambayi tarihin kansar nono da daskarewar jini, sannan ta ɗora ni kan istirojin haɗe da furojestaron, sinadarin da ke kare mahaifa daga illar istirojin, tunda mahaifata na nan. Cikin 'yan makonni na fara barci har asuba, alhamdu lillahi.