Kurakuran da masu jiragen ruwa na filafilai ke tafkawa idan mahaukaciyar guguwa ta nufo

Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, duk mai jirgin ruwa na filafilai, wato manyan yadukan da iska ke turawa su tafiyar da jirgin, a tsibiran Karibiyan kunnensa na kan hasashen yanayi. Da zarar gudun iska ya kai kilomita 119 a awa guda an shiga matakin mahaukaciyar guguwa, kuma da yawa daga cikinsu a sararin Sahel suke farawa, su ratsa ta Chadi da Nijar da arewacin Najeriya a matsayin hadarin damina, su faɗa teku ta wajen Senegal su ƙara ƙarfi. Duk da cewa an san lokacinta, kusan kurakurai iri ɗaya ake maimaitawa.

Babban kuskure shi ne jira. Cibiyar sa ido kan guguwa da ke Miami a Amurka tana fitar da sanarwar a zauna cikin shiri awa 48 kafin iska ta iso, ta fitar da gargaɗi awa 36 kafin nan. Wanda bai motsa ba sai a lokacin, zai tarar an cika wuraren fakewa, igiya ta ƙare a kantuna, masu injin ɗaga jirgi kuma sun rufe layi. Wurin fakewa tun watan Mayu ake zaɓensa, a je a gani, a auna zurfinsa, a san irin ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

Akwai kuma masu dogaro da suna. An daɗe ana ɗaukar Girenada a matsayin tsibirin da guguwa ba ta cika zuwa ba, har kamfanonin inshora suna yarda a ajiye jirgi a can, sai guguwar da aka sa wa suna Ivan ta auka mata a Satumban 2004 ta tuntsurar da jiragen da aka jera a tudu. A 2017 guguwar Irma ta tara jiragen haya a mashigin Paraquita na tsibirin Tortola, wannan a kan wancan, alhali wurin an san shi da kariya. A 2024 guguwar Beryl ta yi wa tsibirin Carriacou irin wannan ɓarna. Wuri mai kyau yana rage haɗari ne kawai, kuma sau da yawa jirgin maƙwabci da ya tsinke shi ke farfasa naka. Idan a tudu za ka ajiye, a sauke doguwar sandar da ke riƙe filafilai, a ɗaure jirgin da madauri zuwa ƙarfen da aka binne a ƙasa, a haɗa ƙafafun da ke tallafe da shi da sarƙa.

Wani sakacin da ke ba ni mamaki shi ne barin filafilai a naɗe a jikin jirgi. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin turawarta ninki huɗu yake yi. Filafilan gaba da aka naɗe, iska takan samu ɗan lungu ta warware shi, daga nan sai ya fizge jirgin ko ya karya sanda. A kwance komai: filafilai, rumfa, allon sola, ƙaramin kwalekwale, a shigar ciki ko a kai gida.

Inda aka fi yin asara kuwa shi ne igiya. Mutum zai sayi mai kauri ya ce ya gama, ya manta cewa ba ja ne kawai ke tsinka ta ba, gogayya ce. Je ka duba inda igiyar ta ratsa bakin jirgi: awa bayan awa tana goga ƙarfe, nailan ɗin yana zafi daga ciki, zaren yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. A nan ake sa mata riga, guntun tsohuwar mesar 'yan kwana-kwana ko kauri-kaurin yadi, a ɗaure shi yadda ba zai zame ba. A ninka igiyoyin, kowacce da maɗaurinta daban, kuma a bar musu tsawo, domin teku takan tunkuɗo ta ɗaga ruwa da mitoci, gajeriyar igiya sai ta janyo jirgin ƙasa ko ta tumɓuke maɗaurin. Mai anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, ya saki sarƙa da igiya kamar ninki goma na zurfin ruwan, ya jefa fiye da ɗaya ta fuskoki daban, saboda idan tsakiyar guguwa ta wuce iska juyowa take ta ɗaya ɓangaren. Batir ya cika, famfon kwashe ruwa ya kasance yana aiki.

Saura masu cewa za su tsere mata cikin teku, da masu cewa za su kwana a jirgi su kula da shi. Jirgin filafilai galibi ba ya wuce kimanin kilomita 10 zuwa 13 a awa, guguwa kuma takan fi haka sauri, ta kuma sauya hanya. Fantome, babban jirgi ne da ƙwararrun ma'aikata, ya yi ƙoƙarin kauce wa guguwar Mitch a Oktoban 1998, ya nitse da mutum 31. Jirgin Bounty ya fita teku gabanin guguwar Sandy a 2012, ya nitse, aka rasa mutum biyu har da kyaftin. A iska mai gudun kilomita 200 ba ka iya tsayuwa, ba ka iya buɗe ido, balle ka gyara igiya. Ka ɗauki hoton yadda ka ɗaure jirgin saboda inshora, ka kwashi takardunka, ka rufe dukkan kafofin shigar ruwa ban da na famfo da magudanar ruwan sama, ka hau tudu tun da sauran haske.