Intanet ɗin gida mara waya a Amurka: adireshi da cunkoson dare

Ɗan'uwa sabon zuwa, haɗa akwatin intanet ɗin da kamfani zai ba ka ba wani aiki ba ne: ka jona shi a wuta, ka sauke manhajar kamfanin, shi ke nan. Inda mutanenmu suke tuntuɓe shi ne adireshi.

Kamfanonin waya na T-Mobile da Verizon ba za su ba ka wannan sabis ba don kawai wayarka tana nuna 5G a falo. Akwatin yana jan sabis ne daga turken sadarwar da wayoyin unguwa suke amfani da shi, kuma kowane turke yana da iyakar nauyin da zai ɗauka. Ragowar ƙarfinsa ake sayar wa gidaje, da gurbin ya cika sai a rufe. Shi ya sa maƙwabcinka yana da shi, kai kuma a ce maka babu. Ka rubuta adireshin yadda yake a takardar haya, har da lambar ɗaki. In an ƙi, ka shiga jerin masu jira, ka sake dubawa bayan 'yan makonni, domin gurbi yakan buɗe idan wani ya fita.

Abin da ke ɓata rai shi ne shawarar nan ta "ai kawai ka sa adireshin wane". Kar ka yi. Yarjejeniyar ta ɗaure akwatin da gidan da aka yi rajista da shi, kamfanin yana ganin turken da yake ja, kuma yana iya katse maka sabis. Ko ma ya ƙyale ka, ka kai kanka turken da aka riga aka ce ya cika. An san mu da taimakon juna, amma wannan jefa ɗan'uwa cikin wahala ne.

Samun amincewa kuma ba ya nufin za ka ji daɗinsa da dare. Daga ƙarfe 7 zuwa 11 kowa ya dawo gida yana kallon bidiyo. Idan turke ya cunkushe, T-Mobile tana fara ba wayoyin hannu sabis, intanet ɗin gida ya biyo baya, wanda ya sha data sama da terabait 1.2 a wata kuma a ƙara tura shi ƙarshen layi. Don haka gwajin gudun intanet da hantsi ba ya gaya maka komai. A kwanakin gwaji da ake bayarwa, ka auna shi dare uku a jere wajen ƙarfe 9, sannan ka yi kiran bidiyo na gaske, ka ga ko hoto yana tsayawa.

Ka ajiye akwatin a bakin taga, a wuri mai tsayi, kar a bayan talabijin ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Bangon bulo yana cinye sigina. Ka canza taga biyu ko uku kafin ka yanke hukunci. Amma in gudun yana da kyau da safe, ya faɗi da dare, cunkoso ne, canza taga ba zai gyara ba. Ka mayar da akwatin kafin wa'adin ya ƙare, ka karɓi rasit, sannan ka duba taswirar intanet ta FCC, hukumar kula da sadarwa ta Amurka, ka ga ko intanet mai waya, kebul ko faiba, ya iso gidanka.