Yadda na kankare tsatsa daga bodin a-kori-kurata

Bayan damina tsatsa ta fito ja-ja a gindin bodin a-kori-kurata da bakin ƙofar baya. Takin zamani nake yawan ɗauka, shi kuwa idan ya haɗu da laima cin ƙarfe yake yi kamar gishiri.

Da farko na danna wuraren da sukundireba. Ƙarfen bai lotsa ba, bai huje ba, ashe tsatsar a sama take, ba sai an kai wa mai walda ba.

Na wanke da omo, ya bushe sarai. Na bi da burushin ƙarfe, sannan samfefa mai kaushi, lamba 80, har farin ƙarfe ya bayyana. A nan aikin yake. Inda fenti ya kumbura, ko da bai fashe ba, akwai tsatsa a ƙarƙashinsa, don haka na ci gaba da gogewa har na tarar da fenti mai lafiya, na lallashe bakinsa da lamba 180 don kada gaɓar ta fito. Ƙananan ramukan da samfefa ba ta shiga na shafa musu maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, wanda ke mayar da ita baƙa. A sa safar hannu, yana cin fata.

Na goge da tina, wato ruwan tsinka fenti, a ranar na shafa jan fentin kariya, domin tsiraicin ƙarfe ba ya kwana lafiya. Da ya bushe na bi da samfefa mai laushi, lamba 400, na fesa fenti shafi biyu marasa kauri, da sassafe kafin iska ta taso da ƙura.

Ramukan fitar ruwa ma laka ta toshe su, na zokale su da waya.