Yadda za ka koya wa ɗan shekara 13 riƙon sirri kafin ya danna "tura"

Yara da yawa a ƙaramar sakandare ba su da wayar kansu, amma suna intanet. Wayar Umma ce a hannunsu bayan la'asar, ko ta Yaya idan ya sa ta caji ya fita. Facebook da Instagram da TikTok duk sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, sai dai ƙarin shekara wurin rajista ba ya wahalar da yaro. Don haka kada ka jira sai ranar da ka saya masa waya.

Fara da taka wayar. Ku zauna tare, ka buɗe hotunan da kai ka ɗora a sitatus, ka ce masa: "Da kai baƙo ne, me za ka gane game da gidanmu daga wannan hoton?" Ka bar shi ya nemo da kansa. Zai ga bajon makaranta a ƙirjin rigar ƙanwarsa, lambar mota, launin get, allon shagon da ke kallon gidanku a Tudun Wada. Mu iyaye ne kan gaba wajen ɗora sakamakon jarrabawa ɗauke da cikakken sunan yaro da ajinsa, kuma a jiha irin Kaduna da ta sha fama da masu garkuwa da mutane wannan ba ƙaramin ganganci ba ne. Idan ya kama ka da irin wannan, goge a gabansa.

Daga nan ku yanke abubuwan da ba sa fita daga gida ko wa ya tambaya: lambar NIN da BVN, hoton katin ATM, lokacin da ake kai shi makaranta, labarin cewa Baba ya yi tafiya. Ka ja kunnensa musamman kan lambobi 6 da WhatsApp ke turowa ta saƙo. Mai kira ya ce ana taron addu'a ko tallafi a karanto masa lambar, ɓarawon shafi ne.

Saitin waya aikin minti kaɗan ne, amma shi zai danna, kai kana kallo. A WhatsApp a taƙaita masu ganin hotonsa da masu iya jefa shi cikin guruf, a kuma sa lambar sirri ta biyu. TikTok na rufe shafin 'yan shekara 13 zuwa 15 tun daga buɗewa, yana kuma hana 'yan ƙasa da 16 saƙon sirri, amma fa sai an faɗa masa shekarun gaskiya.

Inda aikin yake shi ne sirrin wasu. Yaro kan gane nasa sirrin da wuri, na abokinsa ne yake ɗauka abin dariya. Koya masa tambaya guda: "Mai hoton ya yarda?" Kawo masa misalan da ya sani. Ɗan ajinsu ya yi barci baki buɗe an ɗauka. Ana kamun amarya tsakanin mata, 'yar'uwa ta ajiye mayafi tana rawa, gobe bidiyon yana hannun samarin unguwa. An yi hatsari a Kwangila ta Zariya, wayoyi sun riga hannayen taimako isa wurin, uwa a Samaru ta ga gawar ɗanta a sitatus kafin a zo mata da labari. Tambaye shi: "Da Yayarka ce fa?" Sai ka yi shiru, ka bar shi ya amsa.

Ba sabon karatu kake kawo masa ba. A Islamiyya ya ji Suratul Hujurat: aya ta 6 kan bincikar labari kafin a yi aiki da shi, aya ta 12 kan bin diddigin mutane da giba. Abin da bai haɗa ba shi ne cewa tura sautin muryar ƙawa zuwa wani guruf annamimanci ne, ko da bakinsa bai furta komai ba. "Ni ma turo min aka yi" ba ta wanke kowa. Akwai kuma hukuma: dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana hukunta barazana da cin zarafi ta waya.

Zai ce maka ai ana gogewa, ko akwai hoton da sau ɗaya ake buɗewa. Kada ka yi gardama. Tura masa irin wannan hoton, ya buɗe, kai kuma ka ɗauki fuskar wayar da wata waya. Magana zarar bunu ce, yanzu ya gani da idonsa.

Sai alkawari, kuma kai za ka ɗauka. Ce masa: "Duk ranar da wani ya nemi hoton tsiraicinka, ko ya ce zai tona maka asiri in ba ka turo kuɗi ba, zo ka faɗa min. Ba duka, ba ƙwace waya." Masu wannan sana'a da tsoron iyaye suke cin kasuwa, 'yan mata da samari duka suke farauta. In abin ya faru kada a biya ko sisi, kada a goge saƙonnin. A ɗauki hotonsu da lambar mai turowa, a toshe shi, a kai ƙararsa a manhajar, sannan a tafi wurin 'yan sanda da shaidar a hannu.