Kafin ku sayi littafin ilimin taurari

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sha'awar kallon sama. Shawarata ga sabon shiga: kada ya fara da littafin da ke cike da lissafi. A fara neman mai taswirar taurari wata-wata, a kuma duba ko an zana ta don yankin da mutum yake, domin saman da ake gani a arewacin duniya daban yake da na kudu. Ku fita da shi waje da tocila mai jan haske. Farin haske na ɓata sabon da ido ya yi da duhu, sabon da kan ɗauki minti 20 zuwa 30.

Littafi na biyu shi ne na ƙarfin janyowa, wato ƙarfin da ke sa abu ya faɗo ƙasa, yake kuma riƙe wata yana kewaye duniya. Wanda na fi so shi ne mai bin tarihi: Galileo da ya hango watanni huɗu da ke kewaye duniyar Mushtari (Jupiter) a 1610, Newton da ya fitar da dokarsa a 1687, sannan Einstein da ya kawo sabon bayani kan ƙarfin a 1915. Babin Einstein zai iya jira, babu gaggawa.

Amma don Allah kada a tsaya ga karatu kawai. Ku sami madubin hangen nesa mai ido biyu, ku jingina shi kada ya girgiza, ku riƙa zana inda watannin Mushtari suke kowane dare. Io, na kusa a cikin watannin huɗu, yana kewaye shi cikin ƙasa da kwana 2, Callisto kuwa, na nesa, sai kusan kwana 17. Bayan mako guda ku koma babin Newton da zanenku a hannu.