Yadda ake kare tsuntsayen da ke ƙwai a kan yashin gaɓar teku

Akwai tsuntsayen da ba sa gina sheƙa a kan bishiya. Sukan ɗan tone yashi da ƙafa a bakin teku, su zuba ƙwansu a fili, su dogara ga kamannin da launinsu yake yi da yashi don kada a gan su. Wannan dabara ta daɗe tana yi musu aiki, amma ba ta da amfani a gaban tayar mota, ko karen da aka saki, ko dubban masu zuwa shan iska a lokacin zafi. Ɗaya daga cikin wuraren da aka ƙware wajen magance matsalar shi ne gaɓar tekun Atlantika ta Amurka da Kanada, inda wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai suna faifin fuloba ya kusa ƙarewa. A shekarar 1986, lokacin da dokar Amurka ta kare halittun da ke fuskantar ɓacewa ta fara aiki a kansa, ma'aurata kusan 790 ne kawai aka ƙirga a duk faɗin gaɓar. A jihar Masacusets ba su kai 150 ba a wancan lokaci, amma a 'yan shekarun nan sun haura 1,000, kuma hanyoyin da aka bi har aka kai ga haka su ne za a bayyana a nan.

Aikin yana farawa ne kafin a ga ƙwai ko ɗaya. Tsuntsayen suna dawowa daga kudu a ƙarshen watan Maris zuwa Afrilu, namiji ya zaɓi fili, ya riƙa tona ƙananan ramuka yana nuna wa macen. Tun a wannan lokaci ya kamata mai sa ido ya riƙa zagaya gaɓar da sassafe da tabaron hangen nesa, yana lura da sawun ƙafa da wuraren da aka tona, sannan a kafa sanduna a ɗaura igiya a kewaye wurin, a maƙala alluna masu bayani. Igiyar ba ta hana kowa tsallakawa, amma yawancin mutane sukan mutunta ta idan sun fahimci dalili. Ƙa'idar da hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ta fitar a 1994 ta ce a bar tazarar aƙalla mita 50 daga sheƙa ta kowane ɓangare. Sai dai ma'aunin gaskiya shi ne halin tsuntsun kansa: idan mai wucewa a wajen igiya yana sa uwar ta tashi daga kwanci, to tazarar ba ta isa ba, dole a ƙara faɗaɗa ta.

Dalilin tsanantawa a nan shi ne, ba sai an taka ƙwai ake kashe shi ba. Macen tana yin ƙwai huɗu, ita da namijin suna karɓa-karɓa wajen kwanci har kimanin kwana 27, kuma duk lokacin da aka kore su, ƙwan yana zama a kan yashi mai zafi ko cikin iska mai sanyi, hankaka kuma tana kallo daga nesa. Wanda ya ga tsuntsu yana jan fiffike a ƙasa kamar ya karye, yana kuka yana yin gaba, ya sani cewa lafiyarsa lau, yaudara ce yake yi don ya janye shi daga sheƙa. Abin da ya dace shi ne ya ja da baya a hankali yana duba inda yake sa ƙafa, ya koma kan jiƙaƙƙen yashi kusa da ruwa. Karnuka kuwa sun fi mutane firgita su, shi ya sa ake wajabta ɗaure su da igiya ko a hana shigowa da su daga Afrilu zuwa Agusta. Haka nan ana hana tashin jirgin takarda mai zare da yara ke sakewa a iska a cikin mita 200 daga tsuntsayen, domin tsuntsayen suna ɗaukarsa shaho ne, kuma ana hana wasan tartsatsin wuta a kusa.

Batun maharan dawa ya fi wuya, kuma a nan ne masana suka fi saɓani. Yanyawa, rakun (wata ƙaramar dabbar dawa ta Amurka mai yawon dare), hankaki, manyan tsuntsayen teku da kyanwoyin da ke yawo duk suna cin ƙwai da 'yan tsaki, kuma yawancinsu mutane ne suka jawo su, domin ragowar abinci da kwandon shara marar murfi da kayan cikin kifin da masunta suka zubar su ne suke tara su a gaɓa. Saboda haka matakin farko shi ne tsabta: a kwashe shara kullum da yamma, a ajiye kwanduna nesa da wurin sheƙa, a hana ciyar da tsuntsaye da hannu, a kuma cire duk wani dogon turke ko allo da hankaka za ta iya sauka a kai tana leƙe.

Idan hakan bai wadatar ba, sai a yi keji a kewaye sheƙar. Ana yin sa da ragar waya mai idanu kimanin santimita 5 a faɗi da 10 a tsawo, yadda fuloba za ta iya shiga da fita a ƙafa amma yanyawa ba za ta iya ba. Faɗinsa yakan kai mita 3, ana binne gindinsa cikin yashi don kada a haƙa ta ƙasa, a rufe samansa da raga saboda masu zuwa ta sama. Ƙwararrun da ke da izinin hukuma ne kawai suke kafa shi, su biyu ko uku, cikin sauri, a lokacin da babu tsananin zafi ko ruwan sama, sannan su koma nesa su zuba ido har sai uwar ta koma kan ƙwanta. Idan ta ƙi komawa, sai a cire kejin nan take. A ganina, kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar keji a matsayin maganin komai. Gaskiya ne yana ƙara yawan ƙwan da ke ƙyanƙyashewa, amma an lura cewa wasu maharan sukan gane cewa inda keji yake akwai abinci, su yi kwanton ɓauna su kama uwar ko uban a bakin raga, wasu iyayen kuma su gudu su bar sheƙar. Rasa ƙwai huɗu asara ce da za a iya mayarwa, tun da tsuntsayen sukan sake yin wani ƙwan a wannan kakar, amma rasa uwa ko uba guda asarar shekarun haihuwa ce. Don haka duk kejin da aka kafa sai an riƙa duba sawun da ke kewaye da shi a kai a kai, kuma da zarar an ga alamar ana yi masa sintiri, gara a cire shi.

Ranar ƙyanƙyasa ce farkon lokaci mafi haɗari, ko da yake mutane da yawa suna zaton aiki ya ƙare. 'Yan tsakin fuloba kamar 'ya'yan zabo suke: sa'o'i kaɗan bayan fitowa sun bar sheƙa suna gudu, kuma iyayen ba sa ba su abinci a baki, su ne suke tsintar ƙwari da tsutsotsi da kansu. Keji ya gama amfaninsa ke nan, igiyar ma ba ta san inda za su nufa ba, domin suna iya yin tafiyar ɗaruruwan mitoci a yini guda zuwa bakin ruwa. Dole kariyar ta riƙa bin su, wato mai sa ido ya nemo kowane iyali da safe, a matsar da igiya da alluna zuwa inda suke kiwo. Motocin da ke bin yashi su ne babbar barazana, saboda ɗan tsako idan ya ji tsoro yakan lafe ne a ƙasa maimakon ya gudu, kuma sau da yawa a cikin kwarin da taya ta bari yake lafewa. Ƙa'idar nan ta 1994 ta tanadi rufe hanyar mota aƙalla mita 100 ta kowane gefen 'yan tsakin idan ana bibiyarsu, a inda babu mai bibiya kuwa tazarar takan kai mita 1,000, kuma rufewar tana ci gaba har sai sun cika kwana 35 ko an ga sun tashi sama sosai.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne ciyawar teku da igiyar ruwa take tarawa a gaɓa. Masu kula da wuraren shaƙatawa suna son share ta da injin don wurin ya yi kyan gani, alhali a cikinta ƙwarin da 'yan tsaki suke ci suke taruwa, a ƙarƙashinta kuma suke fakewa. A bar ta inda take har kakar ƙwai da renon 'yan tsaki ta wuce.

Rufe gaɓa yana jawo fushin masunta da masu motoci da 'yan kasuwa, kuma an sha yin tsamin dangantaka a yankin Kef Kod na jihar Masacusets saboda haka. Abin da ya fi sanyaya rai shi ne a samu mutum a tsaye a bakin igiya, ya yi sallama da fara'a, ya miƙa wa baƙo tabaro ya ga 'yan tsakin da idonsa, ya gaya masa ranar da ake sa ran buɗe wurin, kuma idan ranar ta zo a buɗe ba tare da jinkiri ba. A ƙarshen kaka, a cikin watan Agusta, ana kwashe sanduna da igiyoyi, a rubuta adadin ma'aurata, da ƙwan da aka yi, da waɗanda suka ƙyanƙyashe, da 'yan tsakin da suka tashi, da abin da ya hallaka sauran. Shirin da hukuma ta tsara don farfaɗo da tsuntsun yana neman kowaɗanne ma'aurata su tayar da matsakaicin ɗan tsako 1.5 a shekara, kuma da wannan lissafi ake yanke shawarar inda za a sa keji da inda za a faɗaɗa igiya a Afrilu mai zuwa.